A riƙa duba igiyar ƙofar tukunyar tururi kafin hunturu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu ja hankalin masu tukunyar tururi a Sakkwato, musamman masu turara shinkafa da gidajen burodi, kan igiyar da ke toshe bakin ƙofar wuta. Idan ta lalace, iska na kutsawa, wuta ta ci itace ba ƙaƙƙautawa, hayaƙi mai guba ya cika ɗaki. Baƙin toka a gefen ƙofa ita ce alamar farko.

A bari ƙarfen ya huce sarai. A ciro tsohuwar igiya, a kankare ramin da take kwance a ciki da buroshin waya har ƙarfe ya bayyana, domin gam ba ya kama tsatsa. Idan tsohuwar igiyar ta asbestos ce, wato wani zaren ma'adini mai jure wuta, a jiƙa ta kafin a taɓa. Ƙurarta na lahanta huhu. A auna faɗin ramin, a sayo igiyar zaren gilashi daidai da shi, milimita 10 ko 12 misali. A zizara gam mai jure zafi, a kwantar da igiyar ba tare da an ja ta ba. Wadda aka miƙe takan sirance, ta bar kafa a kusurwa. Bakin biyu su haɗu cif.

A rufe ƙofar, a ba ta awa 24 kafin a hura wuta. Sannan a danne takarda da ƙofar a kowane gefe, a ja. In ta zame salin-alin, akwai sauran kafa, a duba hinji, ko ƙofar ta karkace. Don Allah a daina cusa robar taya, narkewa take.

Daga masu gyaran tukunyar tururi,
Sakkwato.