Wasiƙa daga Bangalor: yadda Hanuman ya ɗaure fuska

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Kano? Ni lafiya lau a nan Indiya, karatu ne kawai ya sa ni gaba.

Ka tambaye ni me ya sa abubuwan bautar Hindu da muke gani a finafinai suke da hannu hurhuɗu. Tunda kai mai zane ne, bari in ba ka amsar da ta fi tambayar tsawo.

Kowane hannu alama yake riƙe da ita. Vishnu yana da ƙahon katantanwa, da faifai mai kaifi, da kulki, da furen bado. Saraswati, wadda suke jingina wa ilimi, farar tufa take sawa, da littafi da carbi da abin kiɗa mai tsirkiya. Lakshmi ta dukiya ce, tsabar zinariya na zuba daga tafinta. Ganesh kan giwa gare shi, haurensa ɗaya a karye, ga ɓera a gindinsa. Yaro ɗan shekara biyar a nan ba ya bukatar rubutu a ƙasan hoto, alamomin sun ishe shi.

Fuskokin da suka saba da su yau, yawanci daga hannun mutum ɗaya suka fito, Raja Ravi Varma, mutumin jihar Kerala, wanda ya rasu a 1906. Ya koyi fentin mai irin na Turawa, ya riƙa zana Lakshmi da Saraswati da surar matan ƙasar, cikin sari, da inuwa da haske kamar mutum zai yi magana. A 1894 ya kafa maɗaba'a a Bombai da injinan Jamus, aka shiga buga hotunan da araha. Ka tuna a zamanin akwai wuraren bauta da yawa da ba a barin mutanen ƙasan al'umma su taka. Da kuɗi kaɗan sai ga talaka ya kai abin bautarsa ɗakinsa. Daga baya garin Sivakasi na jihar Tamil Nadu, wanda ya yi suna da ashana da wasan wuta, ya zama cibiyar buga irin waɗannan kalandu.

Mai kantin da nake sayen madara a wurinsa yana da hoton Lakshmi daidai saman akwatin kuɗinsa. Kullum da safe, kafin ya karɓi kuɗin kowa, sai ya sauya furannin da ke rataye a jikin firam ɗin, ya kunna turaren tsinke, ya ɗiga jan gari a kan gilashin, saitin goshinta. Gilashin har ya yi duhu da hayaƙi. Abin da za ka fara lura da shi, kai da ka san aikin, idanu ne: manya, a buɗe, suna kallon wanda ya tsaya a gabansu. A wajensu ibadar ke nan, ka kalle shi, shi ma ya kalle ka. Shi ya sa mai zane ba ya wasa da ido.

To, a nan ne abin ya fara sauyawa. A tsofaffin kalandu, Ram, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, fuskarsa a sake take, da ɗan murmushi, ga matarsa Sita da ƙanensa Lakshman, ga Hanuman, mai siffar biri, a durƙushe ya haɗa hannuwa. A ƙarshen shekarun 1980, da rikicin garin Ayodhya ya yi zafi a kan Masallacin Babri, wanda wasu 'yan Hindu ke cewa a mahaifar Ram aka gina shi, sai fastoci suka fito da wani Ram daban: shi kaɗai, ƙirji a buɗe, damatsa a murɗe, baka a hannu, hadari a bayansa. A ranar 6 ga Disamba 1992 aka rushe Masallacin Babri. Ba na cewa zane ne ya rushe shi, amma zanen ya riga gatarin isa zukatan mutane.

Hanuman ma bai tsira ba. A 2015 wani matashi mai zane daga Kasaragod ta jihar Kerala, Karan Acharya, ya zana wa abokansa fuskarsa don su sa a tutar biki: launin ruwan goro da baƙi, rabin fuskar a inuwa, gira a haɗe. Shi dai ya sha faɗin cewa ba fushi ya nufa ba. Amma hoton ya fi ƙarfinsa, har Firayim Minista Modi ya yaba masa a 2018. Yau a Bangalor, in cunkoso ya tare ka, da wuya ka ɗaga kai ba ka gan shi a gilashin bayan mota ko a keke mai ƙafa uku ba. Ni abin da ya tsaya mini shi ne inda ake manna shi. Na mai kanti yana fuskantar mai shi. Wannan kuwa mai motar ya ba shi baya, na bayansa yake harara, kuma ban taɓa ganin an rataya masa fure ba. Wani ɗan ajinmu, Hindu ne, ya ce mahaifiyarsa ta hana a shigar mata da shi gida, wai ita Hanuman ɗinta mai hidima ne, ba mai neman faɗa ba.

Kada ka ɗauka tsohon salon ya mutu. Da aka buɗe sabon wurin bautar Ayodhya a Janairun 2024, siffar da aka girka ta Ram ce yana yaro ɗan shekara biyar, yana murmushi, kuma ita ta cika wayoyin mutane. Iyaye da kakanni na tura irin waɗannan hotuna ta WhatsApp kowace safiya, da yawa kwamfuta ce ta haɗa su, sai ƙyalli ba fasali.

Sana'arku a nan tana da haɗari kuma. M. F. Husain, Musulmi, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Indiya, ya zana wasu daga cikin waɗannan alloli mata ba tufafi. Ƙararraki da barazana suka sa ya bar ƙasar a 2006, ya rasu a Landan a 2011.

Na samo maka zanen Madhubani guda, irin na matan jihar Bihar, wanda da a bango suke yi, sai bayan farin da aka yi na rashin ruwan sama a shekarun 1960 suka koma takarda don samun na abinci. Na zaɓi mai itatuwa da furanni zalla, don na san Hajiya ba za ta bari wani abu mai hannu huɗu ya kwana a gidanta ba. Zan taho da shi in na zo hutu, in Allah ya yarda. Ka gaishe ta da kyau, da amarya da yara, ka kuma turo mini hoton allon shagon da ka ce ka gama.

Naka har kullum,
Amininka