A Koya Wa Ɗalibai Yadda Ake Raba Maki A Jarrabawar WAEC

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu yi magana da 'yan'uwanmu malaman sakandare da iyayen yara kan shirin jarrabawar WAEC, tun kafin aski ya zo gaban goshi.

Duk shekara ana kukan yara sun faɗi Turanci da Lissafi, alhali shiga jami'a sai da kiredit biyar har da Turanci, yawancin fannoni kuma har da Lissafi. Kiredit kuwa daga C6 yake farawa, wato maki 50 cikin 100. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yara da yawa sun san karatun daidai gwargwado, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda mai duba takarda yake raba maki.

Insha'in Turanci kalma 450 ake nema, makinsa 50: 10 na abin da yaro ya faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. A wannan na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci. Yaro ya fara jimla da ƙaramin baƙi, ya manta aya, ya rubuta sunan gari ba babban baƙi, kafin ya juya shafi ya tara kuskure 20, goman nan ta tafi. Maganinsa insha'i ɗaya duk mako biyu tun daga aji huɗu. Malam ya zagaye kurakuran da jan biro, yaron ya ƙirga su da kansa, ya sake rubutawa. Mun san wasu azuzuwan cike suke maƙil. A irin waɗannan a raba su gida huɗu, kowane mako malam ya duba kashi ɗaya, ko da sau ɗaya a wata ne zai zagayo kan kowane yaro. A kuma bambance musu wasiƙar hukuma, mai adireshi biyu da kanu da sa hannu, da wasiƙar aboki, domin a nan makin tsari yake zubewa.

Takarda ta biyu ta Lissafi tambaya 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi: biyar na farko dole ne, sannan a zaɓi biyar cikin takwas. Ke nan kowace tambaya minti 15. Sai ka ga yaro ya kafe kan guda ɗaya minti arba'in, ya bar uku bai taɓa ba. Babbar asarar ma ita ce rubuta amsa tsura. Hanyar aiki makinta daban, amsa makinta daban, saboda haka wanda ya nuna matakansa zai tsira da wani abu ko da ya kuskure a ƙarshe. A hore su kada su taƙaita lamba a tsakiyar lissafi, kada su bar amsa babu ma'auni, santimita ce ko naira. Kamfas da takardar giraf kuwa a sa su a hannun yaro tun farkon zango, kada ranar jarrabawa ta zama ranar da zai fara riƙe su.

A canki-canka na Lissafi, tambaya 50 cikin awa ɗaya da rabi, fensir HB ake amfani da shi. Yaro ya tsallake tambaya ɗaya bai tsallake layinta a takardar amsa ba, duk abin da ya biyo baya ya karkace. Sau biyu aka gwada musu a aji sun gane.

Muna roƙon shugabannin makarantu su shirya jarrabawar gwaji aƙalla sau biyu a aji shida, da agogo a bango, a karɓe takarda lokaci na cika. Su kuma samo wa malamai rahoton manyan masu duba takardu da WAEC take fitarwa, wanda yake bayyana inda ɗalibai suka yi tuntuɓe a kowane darasi. Iyaye, don Allah kuɗin da ake kai wa dillalan satar amsa a sayi littafin tambayoyin baya da su, a riƙa tambayar yaro nawa ya warware a wannan makon.

Mun gode.

Daga wasu malaman sakandare, Zariya.