Godiya ga Malaman Lesin Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaba da malaman cibiyar darasin yamma da ke bayan masallacin Juma'ar unguwarmu.

Ni direba ne, boko na bai wuce firamare ba. Don haka duk ranar da 'yata ta dawo da jingar fiziks, sai dai ta dube ni na dube ta. Tana aji biyu na babbar sakandare, kuma zangon da ya wuce aka shiga darasin jifa, wato yadda abin da aka wulla yake tafiya har ya faɗo. Fomula kam ta haddace ta kamar karatun allo, amma da an sauya lamba ɗaya sai ta daburce. Akwai daren da na dawo daga tasha na tarar da ita tana share hawaye a kan littafi.

Malaminku bai yi mata jingar ba, kuma a nan na fi gode masa. Tsakuwa biyu ya ɗora a bakin tebur, ya saki ɗaya, ya make ɗayar ta yi gaba, yaran suka ji sun taɓa ƙasa lokaci guda. Da ta dawo gida ta gwada mana da ƙwallon dabino, sai da na sa ta maimaita sau uku kafin na yarda. Ta ce: "Baba, tafiyar gaba daban, faɗuwa daban." Wai kowane sakan ƙasa tana ƙara wa abin da ke faɗuwa gudun mita 9.8, wanda a jarrabawar WAEC sau da yawa ake cewa a ɗauke shi 10.

Tambayar da ta sa ta kuka kuwa, a gabana ta warware ta. An buga ƙwallo da gudun mita 20 a sakan, a kusurwar digiri 30. Ta raba gudun gida biyu, na tafiya gaba da na tashi sama, ta fitar da sakan 2 a sama, tsayin mita 5, nisan mita 34.6. Har ta ƙara da cewa in ba don iska ba, digiri 45 ne yake kai jifa mafi nisa. Ƙanenta mai harbin tsuntsaye da danƙo ya kasa kunne sosai a nan.

Da aka zo kan darasin goga, wato yadda abu yake cijewa in yana gugar wani, abin ya shigo sana'ata. An sa su tura benci a siminti, suka ji fara motsa shi ya fi ci gaba da turawa wuya. Washegari ta tsuguna gaban motata ta ce tayoyin baya sun suɗe, zanen da ke korar ruwa daga tsakanin taya da kwalta ya tafi. Ta ce kuma in na ninka gudu, nisan da birki zai ci kafin mota ta tsaya ya ninku huɗu. Shekara ashirin ina bin hanyar Kano zuwa Zariya, ƙafata ta san haka, amma lissafinsa sai a bakin 'yata na ji. Kafin damina ta sauka na sauya tayoyin.

Ban manta da haƙurin da kuka yi da ni ba watan da motar ta kwana biyu a gareji, kuɗin wata ya makara, ba ku koro ta ba.

Roƙona ɗaya, a riƙa tashin 'yan mata kafin magariba, lungunmu ba fitila.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
Mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibanku, Kano.