Koke zuwa ga Mai Martaba Sarki kan kuɗin sallamar ma'aikata

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da mubaya'a, mu wakilan ma'aikatan kamfanoni, makarantun kuɗi da gidajen mai na wannan masarauta, mun kawo kukanmu kan yadda ake sallamar mutane daga aiki hannu rabbana.

Ranka ya daɗe, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta yi magana a fili kan notis. Sashe na 11 ya ce wanda bai wuce wata 3 a aiki ba, kwana 1 ne. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 1. Shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Shekara 5 zuwa sama, wata 1. Notis na mako 1 ko fiye dole ya zama a rubuce. In mai aiki ya zaɓi biyan kuɗi a madadin notis, tsurar albashi ake lissafawa, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci. Duk albashin da ma'aikaci ke bi kuma a biya shi kafin wa'adin ya cika.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin sallamar kansa. Dokar ba ta yanke ko sisi ba. Sashe na 20, mai maganar rage ma'aikata, ya ce a sanar da ƙungiyar ƙwadago dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara da wanda ya shigo daga baya bayan an duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan mai aiki ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan biya. "Iya ƙoƙari" kuwa ba adadi ba ne. Don haka kuɗin sallama da giratuti suna tsayawa ne kan abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ko yarjejeniyar ƙungiya. Sashe na 7 ya wajabta bayar da takardar ɗaukar aiki cikin wata 3 da fara aiki, amma da yawa da baki ake ɗaukar su, wasu kuma a riƙa sabunta musu kwantiragi duk 'yan watanni domin kada shekarunsu su taru. Ranar rabuwa sai ya zama ba takardar da za su kai gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ga kuɗin lauya ya fi abin da ake bi.

Fansho ma haka. Dokar Fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya sa aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashin wata, ma'aikaci aƙalla kashi 8, a zuba cikin kwanakin aiki 7 da biyan albashi. Wanda ya rasa aiki kafin shekara 50, ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya cirar kashi 25 na asusunsa. A nan ne mutum kan gano an yi ta yankar masa ba a zubawa.

Muna roƙon Sarki ya kira masu kamfanoni da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago fada, tare da jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, a amince kowace takardar ɗaukar aiki ta fayyace kuɗin sallama: albashin mako nawa kan kowace shekarar aiki, wane albashi za a yi lissafi da shi, da ranar biya. A kuma riƙa ba wanda aka sallama takardar sallama mai dalili da kwanan wata, domin da ita kamfanin fansho ke karɓar buƙatarsa. Hakimai da dagatai su isar da wannan ga ƙananan masu ɗaukar aiki na yankunansu.

Allah ya taimaki Sarki.

Wakilan ma'aikata masu zaman kansu na masarauta