Zuwa ga 'yata da ke Ingila

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyi? Nan Jos ma hunturu ya sauko sosai.

Ƙanwarki ta ce min wai a ajinku na lafiyar ƙwaƙwalwa an ce kowa ya kawo misali daga al'adarsu, ke kuma kika ɗauko maganar Baffanki. Wallahi tun da na ji ban yi barcin kirki ba. Baffanki fa! Ki tara Turawa kina ba su labarin yadda ya koma bayan rikicin 2001, ya daina fita, ko ƙofa aka buga sai ya zabura? Ko kin sakaya sunansa magana ba ta ɓuya, 'ya'yansa mata biyu ba su yi aure ba, kin kuma san mutanenmu, da sun ji taɓin hankali shi ke nan an ce a jini yake.

Na san za su ce mun ɓata lokaci wajen ruƙiyya. Eh mun yi ruƙiyya, mun kuma kai shi asibitin Barnawa a Kaduna, filin Babanku aka sayar, kullum da mai kwana a ɗakinsa kuma ba mu taɓa ɗaure shi ba. Wannan kin faɗa musu?

Ba karatunki nake ƙi ba, ni na tsaya miki ranar da dangi suka taru. Ki tambayi malamanku labarin Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, tun 1954 a Aro ta Abeokuta ya fara ajiye marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, har da masu maganin gargajiya ya yi aiki. Ƙasar nan sai 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa aka bar ta 1958, ana buƙatar irinku.

Tsorona ki dawo kina mana kallon marasa lafiya. Yau Baffa, gobe ni, ki rubuta cewa uwarki ba ta kiran sunanki, ba ta rungumarki, su ce rashin so ne, alhali kunyar 'yar fari ce, haka Inna ta yi wa Yaya har ta koma ga Allah, kuma wa ta fi so a duniya?

Kafin ki sake ambatonsa ki kira shi ki nemi izini, yana da waya, hankalinsa kuma garau. In ya ce a'a to ki bari. Yaji da daddawarki suna wajen Hajiya, za ta taho miki da su. Allah ya yi miki albarka.

Mamanku