Baba Fasto, tanadi nake yi ko rashin bangaskiya ne?

Salama a gare ku Baba cikin sunan Yesu Almasihu. Ina gaisuwa, ya aikin Ubangiji, ya iyali? Ni mai sauraron shirinku ce ta kullum daga Sabon Tasha a Kaduna, amma dan Allah in za ku karanta wasiƙar nan kar a ambaci sunana, maigidana ma yana ji.

Baba ni malamar firamare ce a wata makarantar kuɗi, yaranmu uku, maigidana keke napep yake ja kuma ba tashi ba ce, balas yake kaiwa mai ita duk yamma. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 muna lallaɓawa ba laifi, lita ba ta kai naira 200 ba, sai gashi cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 har ta taɓa 1,000. Tun lokacin in ya sha mai ya cire balas abin da zai shigo da shi gida wani lokaci mudun masara ma da ƙyar. Ni kuma albashina ko kusa da mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da gwamnati ta sa wa hannu a 2024 bai je ba, makarantun kuɗi irin namu babu ruwansu da wannan zancen.

Toh matsalar ita ce barci ya ƙaurace min. Ƙarfe biyun dare sai in farka ina lissafi, kuɗin haya zai cika wata mai zuwa, babbar 'yarmu za ta zana WAEC, takalmin ƙaramin ya yage har yatsa na leƙowa, in juya nan in juya can har masu kiran sallar asuba su fara. Na je asibiti aka auna aka ce jinina ya hau, aka ba ni magani aka ce in rage tunani. Ta yaya mutum yake rage tunani Baba? Abu ne da ake kashewa kamar fitila?

Sai na shiga adashe da wasu mata a makarantarmu, ina ɗan yankar wani abu daga albashi saboda haya. Da maigidana ya ji ransa ya ɓaci sosai. Shi mutum ne mai bangaskiya ta gaske, ban taɓa ganin ya kwana da damuwa ba, ko da naira ɗari biyar ya dawo sai ya wanke ƙafa ya yi addu'a ya yi barcinsa har da minshari, ya ce bakin da Allah ya tsaga ba zai hana shi abinci ba. Ya buɗe min Matiyu sura 6 daga aya 25, inda Yesu ya ce a dubi tsuntsaye ba sa shuka ba sa girbi ba sa tarawa a rumbu amma Uba yana ciyar da su. Ya ƙara da Fitowa 16, wai waɗanda suka ɓoye manna har gobe ai tsutsa ta yi ta yi wari, kuma adashena haka zai zama. Wannan maganar ta yi min zafi ƙwarai, har yau tana ci na.

Ni ma ai ina karanta Littafi. Na ce masa Yusufu fa? Shekara bakwai yana tara hatsi a Masar kuma Allah ne ya ba shi hikimar, da bai tara ba da Yakubu da 'ya'yansa yunwa ta gama da su. Misalai 6 ma cewa ta yi rago ya je ya koya wurin tururuwa. A ganina tsuntsun ma ba ya zama cikin sheƙa ya buɗe baki, fita yake ya yi kiwo. Ya ce in dai tanadin nawa na Yusufu ne me ya sa ba na barci? Nan kam Baba na rasa amsa, domin gaskiya ne tun da na fara adashen lissafin dare bai ragu ba, yanzu har da tsoron kar uwar adashe ta ci kuɗin kafin kwasata ta zo.

Abin da ya fi damuna, ni ce nake ba da waƙa a Zumuntar Mata, ranar Lahadi in ɗaura zanen zumunta in tsaya gaba ina rera cewa Ubangiji makiyayina ne ba zan rasa komai ba, gwauraye da suka fi ni wahala suna ɗaga hannu suna hawaye, ni kuma a zuciya ina lissafin nawa ya rage a jaka. Kuma ba wai Allah bai taɓa yi mana ba, bara da ƙaramin ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro wata 'yar'uwa ce a ikilisiya ta biya kuɗin magani ba tare da na roƙa ba. Na sani, na gani da idona, amma da dare ya yi sai tsoron ya dawo sabo.

Dan Allah Baba ku taimake ni. Adashen nan zunubi ne, in fita? In ba zunubi ba ne ta wace hanya zan fahimtar da maigidana ba tare da ya ga kamar na raina shi ba? Bitrus ya ce mu ɗora masa dukan damuwarmu domin yana kula da mu, ni ina ɗorawa da addu'a amma kafin gari ya waye na sake ɗauka, to yaya ake yi a bar masa? Sannan shan maganin hawan jinin nan, wata a zumunta ta ce min wai rashin dogara ne, in ci gaba da sha ko kuwa?

Ku sa mu a addu'a, musamman zancen hayar nan, mai gidan ya riga ya aiko.

'Yarku cikin Ubangiji,
daga Sabon Tasha, Kaduna.