Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Tarihi da Ziyarori: Shekarar da Muka Bi Ruwan Alƙahira

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Dattawanmu, malamanmu, da 'yan'uwa maza da mata, ɗalibai da mazauna, muna gaishe ku da fatan an gama jarrabawa lafiya.

A babban taron bara kun ɗora wa wannan kwamiti aiki guda: mu ɗan huta da zagayen masallatai da maƙabartu da muka saba, mu bi ruwa. Hujjar da aka kawo a ranar ita ce, ɗalibi yakan shafe shekaru a garin nan, ya san Azhar da Husaini da Ataba da motar Hayyu Ashir, amma Nilu sai dai ya hango shi ta tagar bas. Alhali ruwan nan ne ya yanke inda birnin zai zauna, da inda kasuwa za ta ci, da harajin da manomi zai biya. Ga bayanin abin da muka yi, da inda muka gaza.

Miƙyasin Nilu

Da shi muka buɗe shekara. Miƙyasi shi ne ma'aunin tashin ruwan kogi, yana ƙarshen tsibirin Rauda ta kudu. An gina shi a 861 Miladiyya, wato 247 Hijira, bisa umarnin Halifa Mutawakkil na Abbasiyawa, don haka yana cikin gine-ginen Musulunci mafi daɗewa a Masar. Daga waje ba wani abin kallo ba ne, ɗan ɗaki ne mai hular soro, ita ma hular sabon gini ce. Sai ka shiga ka leƙa. Rijiya ce ta sassaƙaƙƙen dutse, matakala na zagaya bangonta har ƙasa, a tsakiya kuma ga ginshiƙin marmara mai kusurwa takwas da aka zana wa ma'aunin zira'i. Ruwan kogi yana shigowa ta kafofi uku, kowace a tsayinta, kuma an toshe su yanzu. A saman bangon an sassaƙa ayoyin da suka ambaci ruwan sama da tsiro da rubutun Kufi, kuma mahaddatan cikinmu sun ɗan sha wuya kafin su gane ayoyin da suka daɗe da haddacewa, saboda babu ɗigo babu wasali.

Zira'i 16 shi ne abin da kowa ke jira. In ambaliya ta kai nan, an samu cikar Nilu, za a yi noma, hukuma kuma za ta karɓi harajinta. In ta gaza, fari ne da tsadar hatsi. In ta zarce sosai, ɓarna ce. A lokacin ambaliya akwai masu shela da ke zagaya unguwanni kullum suna faɗin yawan ƙarin da aka samu, ranar cika kuma a shafe ginshiƙin da za'afaran da almiski. Duk wannan ya zama labari tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a 1970, ambaliyar shekara-shekara ta daina isowa Alƙahira.

Halijin da ya koma titi

Wannan ita ce fitar da ta fi kowace wahala, kuma a ganin kwamiti ita ce ta fi amfani, domin mun je kallon abin da babu shi. Titin Bur Sa'id da kuke bi kullum daga Sayyida Zainab zuwa Babul Halƙ da Muski, a da hanyar ruwa ce da aka haƙa, ana kiranta Haliji. Asalinta tun kafin Musulunci ne, ta cike da ƙasa, sai Amru ɗan Asi ya sake haƙe ta a zamanin Sayyidina Umar don a riƙa kai hatsin Masar Hijaz ta Bahar Maliya bayan yunwar da aka yi a Madina. Shi ya sa ake ce mata Halijin Amirul Muminina. A zamanin Halifa Mansur aka toshe ɓangaren da ke kaiwa teku, amma ɓangaren cikin gari ya ci gaba da shayar da mutane ɗaruruwan shekaru. Kowace shekara akan yi wa bakinta datsi na ƙasa, in Miƙyasi ya nuna cika sai sarki ko wakilinsa ya fito a fasa datsin, ruwa ya kwararo cikin birni ana kiɗa ana wasan wuta. A ƙarshen ƙarni na 19, wajen 1897 zuwa 1898, aka cike ta aka shimfiɗa layin taragon lantarki a kai.

Mun taka da ƙafa daga Fummul Haliji, inda bakinta yake, muna riƙe da kwafin tsohuwar taswira. Ruwa ya tafi amma ya bar sawunsa. Titin yana lanƙwasa yadda ba injiniyan titi da zai zana shi haka. Dandalin Sayyida Zainab nan ne wurin gadojin da Sarki Baibars ya gina, waɗanda ake kira Ƙanaɗirus Siba'i saboda zakunan dutse da aka ɗora musu, zaki kuwa tambarinsa ne. Kasuwar Muski, inda yawancinmu ke sayen tsarabar gida, sunanta daga wani amiri na zamanin Salahuddin ya samo asali, wanda ya gina gada a kan Halijin a daidai wurin. Mun tambayi masu shaguna da dama a kan titin ko sun san a kan me suke zaune. Wani dattijo mai sayar da goro da kayan ƙamshi ne kawai ya ce kakansa ya ba shi labari, ya kuma ba mu shayi.

Wani ɗan'uwa Bakano ya ce abin ya tuna masa da kududdufan cikin birni da ake cikewa ana gini a kai, sai damina ta zo ruwa ya nemi tsohon gidansa. An yi muhawara a kan haka har muka iso Babus Sha'ariyya, ba a kuma rabu da matsaya ba.

A ranar muka ga hasumiyar da ke Fummul Haliji, mai kusurwa shida, wadda Sarki Guri ya gina a farkon ƙarni na 16. A da, a samanta shanu ke juya saƙiyoyi, wato ƙafafun ɗebo ruwa masu tuluna, suna ɗaga ruwan kogi, ya bi kan doguwar ganuwa mai bakuna har Ƙal'a, fadar sarakuna da ke kan tudu. Majemun da suka daɗe a gindin ganuwar an mayar da su Rubiki a wajen gari, ana kuma gyaran wurin.

Gadoji

Gadar Ƙasrun Nil kowa ya san ta saboda hoto. Ta farko an buɗe ta a 1872 zamanin Khidewi Isma'il. Wadda muke takawa yanzu kamfanin Dorman Long na Ingila ne ya gina ta, Sarki Fu'ad ya buɗe ta a 1933, tsawonta mita 382. Zakunan tagulla huɗu da ke bakinta sun girme ta, tun na tsohuwar gadar ne, aikin wani masassaƙi Bafaranshe, Jacquemart. A kanta ne aka yi arangamar 28 ga Janairu 2011 tsakanin masu zanga-zanga da 'yan sanda. Ba mu daɗe a nan ba, domin wannan gada ba ta rasa masu kula da ita.

Wadda ta fi jan hankalinmu ita ce gadar Imbaba, ta jirgin ƙasa, wadda wani kamfanin Beljiyam ya kammala a 1924. Duk jirgin da zai tafi Luksor da Aswan daga tashar Ramsis ta kanta yake ƙetarewa. Ƙarfe ne zalla da aka ɗinke da ƙusoshi, akwai hanyar masu ƙafa, kuma in jirgi ya hau za ka ji rawar ƙarfen tun daga tafin ƙafa har haƙora. An yi ta da wani yanki mai juyawa don jiragen ruwa masu dogon tirke su wuce. Talakawan Imbaba da Bulaƙ ne ke bin ta, ba 'yan yawon buɗe ido ba, kuma tsatsa ta nuna hakan.

Ta ukun ba mu same ta ba. Gadar Abul Ila, da ta haɗa Bulaƙ da Zamalik tun 1912, an kwance ta a 1998. An yi maganar za a sake kafa ta a wani wuri a matsayin abin tarihi, amma guntayenta suka yi shekaru a yashe a bakin kogi. Za ku ji mutanen gari na cewa Eiffel ne ya gina ta har ya kashe kansa don ta ƙi buɗuwa; wannan tatsuniya ce, kada wani ya saka ta a bincikensa.

A nan kwamiti yake da ra'ayi, kuma za mu faɗa. Tsohuwar Alƙahira tana cikin jerin UNESCO tun 1979, amma abin da ido ke gani ana tattalinsa shi ne mai hasumiya da ƙubba. Gada, madatsa, matakalar bakin ruwa, su ana ɗaukarsu kayan aiki ne, in sun tsufa a cire. Gidajen kan ruwa na Kit Kat da aka janye a 2022 misali ne na kusa. Sabuwar hanyar shaƙatawa da aka yi a bakin kogi tana da kyau da tsafta, ba mu musa ba, amma sai da tikiti ake shiga, kuma ba ta gaya maka komai game da abin da ke wurin kafin ita.

Bulaƙ

Kogin nan ba a wuri ɗaya ya zauna ba. A zamanin Faɗimiyawa tashar jiragen ruwa tana Maƙs, wajen dandalin Ramsis na yau. Da kogin ya ja yamma, Bulaƙ ta zama tashar birnin, musamman daga ƙarni na 15. Mun yi sallar Azahar a masallacin Sinan Basha na 1571, wanda aka gina a bakin ruwa don fatake da matuƙa, yau kuwa sai ka ratsa layuka kafin ka ga kogi. Lokaci ya ƙure mana, ba mu zagaya tsofaffin masaukan fatake ba.

Ƙanaɗirul Hairiyya

Babbar fitar shekara ke nan, da iyalai da yara, a jirgin ruwa daga Masbiro. Wurin yana arewa da birni, inda Nilu ya rabu biyu, reshen Rashid da reshen Dumyaɗ. Muhammad Ali Basha ya so ya riƙe ruwa a nan don a yi noman rani, musamman auduga. Har ya ba da shawarar a rushe dalar Giza a yi amfani da duwatsun, sai injiniyansa Linant ya lissafa masa cewa fasa sabon dutse ya fi araha. An fara aikin a shekarun 1840 bisa zanen wani Bafaranshe, Mougel, aka gama a farkon shekarun 1860. Da aka gwada riƙe ruwa sosai, harsashin ya tsage, madatsar ta yi shekaru ba ta aikin da aka gina ta dominsa, sai da aka yi mata babban gyara a shekarun 1880. A 1939 aka kammala sabuwa a ƙasa da ita kaɗan, tsohuwar ta huta. Bakuna 71 ne a reshen Dumyaɗ, 61 a na Rashid, da hasumiyoyi masu kama da na fada. Daga nan manyan hanyoyin ruwa uku, Taufiƙi da Manufi da Buhairi, suke ɗaukar ruwa zuwa gonakin Delta.

Abin da ya tsayar da mu shi ne hawis, wato mashigar da jirgi ke bi ya ƙetare madatsa. Wata 'yar'uwa mai karatun injiniya ta tara yara a bakinsa ta yi musu bayani. Dogon ɗaki ne na dutse mara rufi, da ƙofar ƙarfe a kowane ƙarshe. Ruwan gaban madatsa ya fi na bayanta tudu. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar bayansa, a buɗe ƙananan kafofi ruwa ya ragu ko ya ƙaru a hankali har ya daidaita da na gaba, sannan a buɗe ɗaya ƙofar ya fita. Ba famfo ba inji mai ɗaga jirgi, nauyin ruwa ne ke yin aikin. A bangon ana ganin layin kore na gansakuka inda ruwa ya saba tsayawa, da zobban ƙarfe da igiya ta cinye musu gefe. Ta kuma tuna mana cewa madatsar Kainji da aka gama a 1968 ita ma an yi ta da irin wannan mashiga, abin da 'yan Najeriya da yawa a cikinmu ba su taɓa ji ba.

Inda muka gaza

Mun yi alkawarin ɗan littafi da Hausa mai taswira da hotuna. Rubutun ya yi nisa, hotuna ne suka hana. A wajen wata gada wani ma'aikaci ya hana mu ɗauka, ya kuma sa aka goge waɗanda aka riga aka ɗauka. Muna jan hankalin kowa: gadoji da madatsu wurare ne da ake sa wa ido a ƙasar nan, a tambaya kafin a ɗaga waya, a kuma riƙe fasfo da iƙama, wato takardar izinin zama.

Halarta ta yi kyau a farkon shekara, ta faɗi warwas da jarrabawa ta matso, laifin jadawalinmu ne. 'Yan'uwa mata sun koka cewa ana sanar da fita a makare, kuma suna da gaskiya. Kuɗin wata bai shigo yadda ya kamata ba, ga faɗuwar darajar fam ta sa kuɗin mota da tikiti sun tashi. Da ba don gudummawar wasu dattawanmu 'yan kasuwa ba, da fitar Ƙanaɗir ba ta yiwu ba. Allah Ya saka musu da alheri. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a taro, rasitai kuma suna wurinsa ga mai son dubawa.

Shekara mai zuwa

Kwamiti yana neman amincewarku a kan abu uku. A kammala littafin da zanen hannu maimakon hoto, tunda muna da masu iya zane. A koma Bulaƙ a yi mata yini guda cur. Sannan a bi sawun mutanenmu a Fusɗaɗ, tsohon garin da ke kudancin birni, inda alhazan Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a ƙarni na 13, a haɗa da tarihin ruwaƙin Barnawa, wato masaukin ɗalibansu, a Azhar. Duk fita za a sanar da ita mako biyu kafin ranar, kuma ba za a sa ko ɗaya a watan jarrabawa ba.

Wa'adin biyu daga cikinmu ya ƙare, sun gama karatu za su koma gida, don haka akwai gurbi. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin ranar taro.

Wassalamu alaikum.
Sakataren kwamiti, a madadin sauran membobi